Sunan Mai Bayarwa Amana Ce: Wasiƙa ga Sakatarori da Ma'ajin Gidauniyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum

'Yan'uwana masu riƙe da littafin gudummawa,

Na san nauyin da ke wuyanku. Tun lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, a garuruwa irin su Bagega da Dareta da Abare da Yargalma, har zuwa harin watan Janairun 2022 da ya tarwatsa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da ambaliyar da ta cinye gidaje a Gummi a Agustan 2024, ku ne kuke bin gida-gida da rumfa-rumfa kuna tara abin da za a rufa wa marayu da 'yan gudun hijira asiri. Allah Ya saka muku. Na rubuto ne a kan wata amana da ke hannunku wadda ba a cika lissafa ta ba: sunan wanda ya ba da kuɗin, da lambar wayarsa, da adadin da ya bayar.

Ni ma na riƙe irin littafin nan. Ranar wani taron neman taimako ina zaune a gefen rumfa da biro a hannu, mai shela yana riƙe da lasifika. Wani dattijo ɗan kasuwa ya matso ya miƙo mini ambulan, ya rage murya ya ce, "Malam, tsakanina da kai." Kafin in ɗaga kai, wani daga cikinmu ya leƙa littafin ya raɗa wa mai shela, sai ga sunan dattijon da adadin kuɗinsa suna tashi har bayan gari. Jama'a suka yi kabbara. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ɗauki takalmansa ya fita. Sati biyu bayan nan ya kwashe iyalinsa zuwa Gusau, domin an fara kiransa da baƙuwar lamba cikin dare. Har yau abin yana ci mini rai.

Kun fi kowa sanin ƙasar da muke ciki. Ɗan bindiga a daji bai san wanda ya sayar da buhunan wake ba, bai san wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Legas ba. Faɗa masa ake yi, kuma da ɗan gari akan ci gari. Saboda yanke wannan igiya ne aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara a Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle. To jerin sunayen da muke karantawa a lasifika, ko hoton alat ɗin banki da muke sakawa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, shi ne ainihin abin da infoma ke yawo yana nema. Mu da kanmu muke tsara masa shi, suna da adadi da lamba.

Ko a ƙasashen da ba a cika garkuwa da mutane ba, ba a wasa da wannan. A Disambar 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA fam 25,000, saboda tana bincikar arzikin masu ba ta gudummawa a ɓoye, tana kuma musayar bayanansu da wasu ƙungiyoyi. A Afrilun 2017 tarar ta hau kan wasu ƙungiyoyi 11, har da WWF mai kare namun daji. Su can abin da mai bayarwa ke gudu shi ne yawan wasiƙun roƙo. Namu mai bayarwar kuwa, kuɗin fansa yake gudu.

Mu ma muna da doka. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Ta ce kada a karɓi bayanin mutum fiye da buƙata, kada a yi amfani da shi a wani abu daban da wanda aka karɓa dominsa, mai shi kuma yana da ikon cewa a goge. Idan bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tun kafin doka kuma, addininmu ya yaba wa sadakar ɓoye, ya kuma tsananta a kan amana.

Ga shawarwarina.

Ku tambayi mutum kafin ku ambace shi. Kalma ɗaya ce: "Alhaji, a faɗa ko a sakaya?" Wanda bai ce komai ba, a sakaya shi.

Ku raba suna da adadi. A ba kowane mai gudummawa rasit mai lamba. Littafin da ke yawo a wurin taro ya ƙunshi lambar rasit da kuɗi kawai. Littafin da ya haɗa lamba da suna ya zauna a akwati mai kwaɗo, mutum biyu kacal su san inda makullin yake.

Ku rage tambaya. Gidauniyar gyaran rijiya ba ta da abin yi da lambar NIN ko BVN ta kowa, balle kwatancen gidansa. Abin da ba ku rubuta ba, ba mai iya sace shi.

Ku daina saka hoton alat a zaure. Ma'aji ya rubuta jimillar abin da ya shigo a yini, ya wadatar. A buɗe asusu da sunan ƙungiya maimakon na mutum ɗaya, domin shi ma ma'ajin da aka ga kuɗi na zuba a asusunsa ya shiga haɗari.

Ku tsare wayar aiki. A sa mata lambar sirri, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma lambobi shida da ke shigowa ta saƙo kada a karanta wa kowa, ko da ya ce daga hedikwata yake kira. Kada a bar ta a buɗe a rumfar caji. Idan an je shagon buga takarda, a tsaya a kai har a goge abin da aka buga daga kwamfutar. Tsofaffin takardun da aka gama da su a ƙona, kada su koma hannun mai ƙosai.

Na san abin da wasunku za su ce: idan ba a karanta sunaye ba, za a ce mun ci kuɗin. Tsoro ne na gaskiya, kuma yana da magani. Ku liƙa jerin lambobin rasit da adadinsu a ƙofar masallaci, kowa ya duba lambarsa ya ga kuɗinsa sun shiga. Ku zaɓi dattawa biyu ko uku da gari ya yarda da su, irin su liman, su binciki littafin sirrin a ɗaki. Abin da aka kashe kuwa a faɗe shi a fili, har kuɗin mota. Haƙƙin jama'a shi ne su san inda kuɗi suka tafi.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, waya ta ɓace ko littafi ya salwanta, kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku sanar da duk wanda sunansa ke ciki a ranar, domin ya san inda zai kwana.

Haka nan ku riƙe sunayen masu karɓa. Bazawarar da aka kashe mijinta, wadda ta zo karɓar kwanon masara, ba ta zo don a ɗauki hotonta a watsa a Facebook ba.

'Yan'uwa, hannayen da ke bayarwa a yankinmu sun ragu, waɗanda suka saura kuma a tsorace suke. Duk wanda ya miƙo muku ambulan ya miƙo da lafiyarsa da ta 'ya'yansa a ciki. Idan ya tabbata sirrinsa na nan a rufe, baɗi zai dawo, har ya jawo wani.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.

Naku,
Wani tsohon sakataren gidauniya