Jakar Wasiƙa da Hanyar Gobir

Har yau Bahaushe na kiran ofishin wasiƙa gidan waya, yana kiran tambarin da ake liƙa wa ambulan kan sarki. Sunayen biyu gadon zamanin Turawa ne: wayar tangaraho da hoton kan Sarkin Ingila. Wanda bai bar suna ba shi ne mutumin da ya ɗauki jakar a kansa.

Kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, wasiƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Daga gidan Waziri takardu na fita da Larabci, da hatimi, manzanni na kai su ga sarakuna. Abin da Bature ya ƙara shi ne agogo da rajista. Akan ɗaure jaka a buga mata hatimi, a rubuta ranar tashinta da ta isarta, wanda ya makara kuwa sai ya yi bayani. A garuruwan da ke nesa da layin waya, irin su Isa da Sabon Birni, saƙon Razdan da na En'e ƙafar masinja ko dokin dogari ke kai shi ga hakimi. Da damina kuma sai gulbin Bunsuru ya yarda a ƙetare.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayin talaka ya jawo wannan tsari. Takardar haraji da umarnin Gwamna ake tsaro. Ga kuma iyaka: ma'aikatan Ingila da Faransa sun shata ta tsakanin 1906 da 1908, suka bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila, Gobir ɗaya ta zama biyu. Mai mulki daga nesa dole ya so jin abin da ake ciki a bakin iyakarsa. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar ƙafa ta ragu, domin daga can hanya ta miƙe ta Shinkafi zuwa Isa.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga kafar labari. Nan take mutane suka koma rubuta takarda suna ba direbobi a tasha, wasu suna neman tudun da zai kamo layin Nijar. Masinja ya dawo ke nan, sai dai ba rajista, ba wanda ke jiran isarsa da agogo a hannu, ba kuma wanda za a tuhuma in bai iso ba. A watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. A 2024 kan hanya aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi.

Bature ya damu da jaka fiye da mai ɗaukarta, wannan ba abin yabo ba ne. Amma ya san ranar da ta bar Sakkwato da ranar da ta kamata ta shiga Isa. Ina so gwamnatin jiha ta gaya mana ofishin da ke riƙe da irin wannan lissafi game da motocin da ke bin hanyar a yau.