Amarya Muka Kawo, Wa Ya Ce Fim Za A Shirya?

Wannan makon da masu ɗaukar hoton biki muke, da mu kanmu da muke biyan su suna mayar mana da bukukuwa wajen shirya fim.

Kwanakin baya mun halarci wani biki a Kano. Bayan isha'i, gwaggon amarya ta riƙo hannunta ta kai ta gaban mahaifinta don sallama. Dattijon ya fara nasiha, yana zuwa kan "ki yi haƙuri" sai murya ta sarƙe masa, ɗaki ya yi tsit. A lokacin mai hoto yana tsakar gida yana gyara fitilarsa. Da ya shigo sai cewa ya yi, "Baba, don Allah a maimaita. Amarya, ɗan sunkuyar da kai kamar kina kuka." Don kara dattijon ya maimaita. Hoto ya fito tas, amma duk wanda ke ɗakin ya san ƙarya aka ɗauka.

Abin ya zama ruwan dare. Daga kamu zuwa sa lalle, daga wuni zuwa buɗar kai, mai kyamara ne sarkin taro. Shi zai ce a tsaya, a yi dariya, a sake. Idan ya koma kan kwamfuta kuma, sai ya goge fuskar amarya, ya ƙara mata hasken fata har kakarta ta tambaya ko 'yar waye wannan. Me muke faɗa wa yarinya baƙa kyakkyawa idan a ranar aurenta ma sai an sauya mata launi kafin a nuna ta?

Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mu ne muke tura musu hoton wata amarya daga Instagram mu ce irinsa muke so. Shi ya sa hotunan bikin Zariya da na Maraɗi suka koma iri ɗaya, kujera ɗaya, murmushi ɗaya.

Ku dubi Malick Sidibé na ƙasar Mali. A shekarun 1960 ya riƙa zagaya shagulgulan matasa a Bamako da kyamararsa, yana ɗaukar su suna rawa da dariyarsu ta gaske. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice, ya rasu a 2016, har yau kuma ana kallon hotunansa a gidajen baje kolin duniya. Abin da ya riƙe shi ne sanin mutanensa da haƙurin jiran lokaci.

Mai hoton da muke nema ke nan. Wanda zai zo da wuri ya tambayi wace ce uwar amarya, wace ce ƙanwar uba, wane ne waliyyi. Wanda ya san uwa Bahaushiya ba ta kuka a gaban jama'a, juya baya take yi ta share ido da gefen mayafi, don haka zai tsaya daga nesa da dogon gilashinsa, ba tare da walƙiyar fitila ba. Wanda ya san sayen baki wajen raha ne, ya jira lokacin da ƙawayen amarya suka ƙure abokan ango.

Mun san za a ce mana, "To ina kunya? Ina sirrin gida?" Maganar gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Babu mai son a ɗauki matarsa ba mayafi, ko mahaifiyarsa da loma a baki, gobe ya tsinci hoton a Facebook. Amma maganin wannan shi ne a gindaya sharaɗi tun kafin biki: ga inda za a shiga, ga inda ba za a shiga ba, cikin gida mace ce za ta riƙe kyamara, kuma ba a sa hoto ko ɗaya a intanet sai da izinin masu shi. Hoton dangi a jere ma yana da muhallinsa, a ba shi minti ashirin a wuce wurin.

Ku tuna, shekara talatin nan gaba 'ya'yanmu ne za su buɗe hotunan nan. Yawancin dattawan da ke ciki sun riga mu gidan gaskiya a lokacin. Ba labulen ado za su nema ba, fuskar kakansu za su nema, yadda take ranar da ya aurar da uwarsu.

Don haka masu shirin aure a cikinmu, kafin ku biya kafin alƙalami, ku ce mai hoto ya nuna muku hotunan biki guda daga farko har ƙarshe. Idan kowa a ciki kyamara yake kallo, ku nemi wani. Masu hoto da ke wannan zaure kuma, ga fili nan, muna sauraron ku. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya.