Malami Ya Ƙwace Wayar Ɗalibi, Yana da Ikon Buɗe Ta?

Wannan tambaya tana yawan tasowa a taron iyaye da malamai, har a makarantun ikilisiyarmu. Yawancin makarantun kwana sun hana ɗalibai riƙe waya, kuma iyaye sun amince da hakan tun ranar da suka kawo yaro. Don haka malamin da ya ƙwace waya ya ajiye a ofis bai yi laifi ba. Inda ake samun matsala shi ne ya tilasta wa yarinya ta buɗe wayar, ya karanta saƙonninta, wani lokaci ma a gaban aji.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Bai ce sai babba ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohi suka riƙa amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya, ta maimaita wannan kariya ga yaro a sashe na 8, sannan ta bar wa iyaye da masu riƙo ikon sa ido a kan 'ya'yansu daidai gwargwado. Mu lura, iyaye ta ambata. Mukan ce malami uba ne, gaskiya ne kuwa a tarbiyya, amma a fahimtarmu ikonsa aro ne, iyakarsa abin da iyaye suka ba shi.

Akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ba iyaye muhimmin matsayi wajen ba da izinin amfani da bayanan yaro. Nan ne mu ma muke tuntuɓe. Makarantunmu nawa ne ke sa hotunan yara a Facebook don talla ba tare da an tambayi kowa ba? Nawa ne ke kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a layin safe, alhali bashin na uba ne?

Ba cewa muke a bar yara su yi yadda suka ga dama ba. In akwai zargi mai ƙarfi, kamar satar amsa ko wani babba na lalata da yarinya, shugaban makaranta ya kira iyaye, a duba wayar a gabansu, a rubuta abin da aka gani, in ta kama a sanar da hukuma. A Matiyu 18:15 Ubangiji ya koya mana gyaran mai laifi yakan fara ne a keɓe. Kwamitocin makarantunmu su rubuta wannan tsari cikin takardar shiga makaranta, iyaye su sa hannu kafin sabon zango.