Mu Kwashe Sharar Bakolori, Mu Mayar da Ita Abin Kallo

Jama'ar Damaga, Maradun, Mafara da Bakura, ku fito! Ku bi magudanan da ke kai ruwan Bakolori gonakin shinkafa ku ga abin da hannunmu ya zuba: ledar fiya wata, robar lemo, tsinkakken silifas, ruɓaɓɓen buhun taki. Su ke toshe hanyar ruwa, manomin da ke ƙarshen layi ya kwana yana jiran rabonsa. Akuya ta ci leda, ciki ya kumbura, mai ita ya yi asara. Abin da ya tsallake kuma ya bi Gulbin Sakkwato har Argungu.

Da tsada muka sami wannan ruwa. An kammala madatsar a 1978, ta haɗiye gonaki da gidaje, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyarsu. Wurin da aka zubar da jini saboda shi ya fi ƙarfin juji.

Kwashewa kaɗai ba za ta isa ba, gobe wani zai sake zubawa. A sarrafa sharar ta zama abin da zai tsayar da mai wucewa. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar shekaru da dama a jami'ar Nsukka, murafen kwalabe yake bajewa, a huda su, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, su zama kamar ƙatuwar riga mai aska. A 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. Mu ɗin ma ai gadonmu ne. Wa ya yi aci-balbal da gwangwanin madara? Wa ya yanka guga daga tsohon tib, ya fitar da takalmi daga taya? Yaron da ke tura motar gwangwani a lungu ya riga ya san aikin.

To, maƙera da masu walda, ku ƙera mana giwan ruwa mai tsawon mutum uku, a cika cikinsa da robar da aka tsamo, kowa ya ga abin da kifinmu ke rayuwa a ciki. Mata masu saƙa, ku kitsa leda ta zama tabarma da jaka. Malamai, ku ba ɗalibai fili.

Mutane na niƙar gari su je kallon ruwan Gurara a Neja da na Matsirga a Kafanchan, Bakolori ma za ta iya samun nata 'yan kallon. Hanyoyinmu ba lafiya, wannan kowa ya sani, baƙon nesa ba zai zo gobe ba. Amma 'yan uwanmu na dawowa gida da Sallah, su ne 'yan kallonmu na farko.

Masu unguwanni su sa ranar gayya, limamai su sanar ranar Juma'a. Kowa ya zo da buhu da manjagara. Yara su tsaya nesa da zurfi, robar maganin feshi kuma a ware ta daban, manya kaɗai za su taɓa ta.