Gidan da riba ta kori mai shi: wa zai gaje shi?

Duk matashin da ke da ɗan'uwa a Amurka ya sha jin labarin gidajen araha. Wai gida ne na dala 300,000 ake sayarwa 200,000, mai shi na neman kai da shi, banki ma ya amince. Ana jin haka sai yawu ya tsinke, ba a tsaya an tambayi abin da ya jawo wannan araha ba.

Ga yadda abin yake. Mutum ya ci bashin banki da ruwa ya sayi gida, gidan kuma shi ne jingina. Farashin gidaje ya faɗi, aiki ya kufce, biyan wata-wata ya gagara. Yanzu bashin da ke kan gidan ya fi ƙimar gidan kansa. Maimakon banki ya ƙwace ya yi gwanjo, sai ya yarda a sayar ƙasa da bashin, ya karɓi abin da aka samu. Mai gida ya fita hannu rabbana, ko sisi ba ya shiga aljihunsa. A wasu jihohin ma banki na da ikon bin sa cikon giɓin, in dai ba a rubuta yafewa ba.

Wannan ciniki ya yi kasuwa ne bayan farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006 sannan ya rikito. Bankuna sun yi ta ɗirka wa talakawa bashin da ruwansa ke farawa kaɗan, bayan shekara biyu ko uku ya haura. A jihohin Nebada, Fulorida, Arizona da Kalifoniya unguwanni suka cika da allunan sayarwa. A watan Satumba na 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Wata guda bai cika ba majalisar ƙasar ta amince da dala biliyan 700 don ceto harkar kuɗi. Manyan masu cin ribar aka fara tsamowa, miliyoyin iyalai kuwa suka rasa matsuguni. Wannan fa shi ne tsarin da ake ta tallata wa al'ummar Musulmi da sunan ci gaba!

To, ya halatta Musulmi ya sayi irin wannan gida? Cinikin a kan kansa ciniki ne: akwai mai sayarwa, akwai kaya, akwai farashi sananne. Sau da yawa ma sauƙi ne ga mai gidan, domin gwanjo ya fi ɓata masa suna a wajen masu ba da bashi. Malaman fiƙihu dai sun yi magana a kan sayen kayan wanda larura ta matsa, kuma ba su yaba wa mai danne shi saboda ya ga wuyansa a hannu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin sayen. Daga ina ɗan'uwan zai samo 200,000? Galibi daga banki, da ruwa, da jinginar wannan gidan dai. A yi lissafi: bashin dala 200,000 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari na shekara 30, biyansa kusan 1,200 ne duk wata. Kafin ya gama ya zuba sama da 430,000. Ina arahar take? Ramin da ya haɗiye mai gidan farko shi na biyu ya zura ƙafa, yana murna wai ya yi tsintuwa. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara da suka haramta riba, su ne kuma suka yi umarni a jinkirta wa wanda bashi ya ƙuntata. Tsarin jari-hujja ya yi fatali da duka biyun.

Kada kuma matashin Kano ko Zariya ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a Nijeriya a 1992 shi ma da ruwa aka gina rancensa.

Wanda Allah ya hore wa halas ɗinsa, ko ya haɗa guiwa da 'yan'uwa suka tara, ko ya samu kamfanin haɗin gwiwa da malamai amintattu suka tantance yarjejeniyarsa, ya saya. Sai dai ya shirya haƙuri, don amincewar banki kan ɗauki watanni, kuma yadda ya ga gidan haka zai karɓe shi, ba mai gyara masa rufi ko famfo. Ya bincika ko akwai bashi na biyu ko harajin da ba a biya ba a kan gidan. Sannan kafin ya sa hannu, ya taya mai gidan matsa wa banki lamba ya rubuta cewa ya yafe cikon.