Wasa Da Karatu Ba Kishiyoyi Ba Ne



Sau da yawa mukan ji ana cewa ƙwallo aikin wanda boko ya gagara ne. Wasu ɗalibai kuma cewa suke yi tunda sun iya ƙwallo, ba ruwansu da littafi. Ni dai a ganina duka biyun sun yi kuskure, kuma hujjata ita ce rayuwar Victor Ubogu.

An haifi Ubogu a Legas a 1964. A 1977, yana kamar shekarunmu, ya tafi karatu Ingila, inda ya yi fice a ƙwallon zari-ruga. Wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar ƙwai, kuma ba a jefa wa abokin wasa ita gaba, sai baya ko gefe. Shi a sahun gaba yake, wurin ƙarfafan da ke turereniya.

Ya buga wa ƙungiyar Bath, wadda ta ci kofin Turai a 1998. Ya kuma buga wa Ingila wasa 24 daga 1992 zuwa 1999, har da gasar cin kofin duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu. Duk da haka bai yar da alƙalami ba. Ya karanta injiniyancin sinadarai a Jami'ar Birmingham, sannan ya wuce Oxford.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Saboda ƙarfi ba ya dawwama. Kafin ɗan wasa ya kai shekara 40 yawanci ya bar fili, wani ma rauni ɗaya ke zaunar da shi. Da Ubogu ya daina wasa, sai ya kafa kamfanin kai 'yan kallo manyan wasanni. Da ba shi da ilimi, da me zai riƙe kamfani?

Wani zai ce ai can Ingila ne, akwai kuɗi. Gaskiya ne, amma ko a Kano akwai ƙungiyar zari-ruga ta Barewa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa da mu a Wudil.

Don haka ina roƙon malamanmu su kare mana lokacin motsa jiki, kada ya zama lokacin shara ko kwafar rubutu. Iyayenmu su bar mu mu yi wasa bayan Islamiyya. Mu kuma 'yan'uwa, duk wanda bai gama aikin gida ba, kada kyaftin ya saka shi a fili.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.