Zuƙowa sau 100 ba za ta kamo maka shirwa a sama ba

Duk tallar sabuwar waya sai ka ga an nuna tsuntsu can ƙololuwar bishiya, an zuƙo shi har ana ƙirga gashin wuyansa. Lura da kyau, tsuntsun tallar a zaune yake. Da wuya ka ga kamfani ya nuna maka wanda ke tafe a iska an ɗauke shi da zuƙowa sau 100, domin a nan asirin yake tonuwa. A ganina, matashin da ke tara kuɗi don sayen waya mai doguwar zuƙowa da burin ɗaukar tsuntsu yana shawagi, maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba yake shirin saye. Ciwon shi ne sauri, kuma gyaransa yana cikin saitin wayar da ke aljihunsa yanzu.

Bari mu yi lissafi. A ce tattabara tana gudun kilomita 60 a awa ɗaya, wato kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kyamara tana buɗe ido ta karɓi haske ta rufe, kamar ƙiftawa. Idan ƙiftawar ta ɗauki 1/100 na daƙiƙa, abin da waya kan zaɓa da kanta idan haske ya ragu, tattabarar ta riga ta matsa da santimita 17 kafin idon ya rufe. Shi ya sa hoton ke fitowa dishi-dishi kamar an goge shi da yatsa. Mayar da ƙiftawar 1/2000, tafiyar ba ta kai santimita ɗaya ba, fukafukan su tsaya cak. Megafiksel 200 ba su da abin da za su yi a nan. Iyakarsu su ba ka ƙaton hoto na abu marar kyau.

Wayoyin Android da yawa, har da matsakaita irin na Tecno, Infinix da Redmi, suna da sashen da aka rubuta wa Pro a manhajar kyamara. Shiga can ka nemi inda ake saita saurin ƙiftawa, galibi da harafin S. Ga manyan tsuntsaye masu kaɗa fiffike a hankali kamar shamuwa da zalɓe, 1/1000 ta isa. Tattabara da kurciya suna son 1/2000 ko fiye. Amma ba a banza ake samu ba: gajeruwar ƙiftawa haske kaɗan take shigarwa, dole ka ɗaga ISO, shi kuma idan ya yi yawa sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar yashi. Sa'ar da muka yi ita ce rana, wadda Allah Ya hore mana. Masu iPhone kuwa, manhajar kyamarar da wayar ta zo da ita ba ta barin ka saita wannan da hannu, sai ka sauko da wata irin su Halide.

To ita zuƙowar fa? Galaxy S24 Ultra, wadda ake yi wa kirari da sau 100, madubinta mafi tsawo sau 5 yake zuƙowa. Na iPhone 15 Pro Max ma sau 5 ne, daidai da milimita 120 a ma'aunin masu kyamara. Abin da ya haura haka, yanko tsakiyar hoton ake yi a faɗaɗa, manhaja ta cike giɓin da hasashe. A 2023 an sha cacar baki a intanet kan hotunan wata da wayoyin Samsung ke fitarwa, bayan an nuna cewa manhajar tana ƙara zane-zanen da madubin bai gani ba. Wata dai fuska ɗaya yake nuna mana kullum, manhaja ta san shi. Fiffiken hankaka kuwa kowane kaɗawa da irin siffarsa. Ga kuma matsalar da tallar ba ta faɗa: da zarar ka wuce sau 10, 'yar rawar hannu kaɗan ta isa ta fitar da tsuntsun daga allo, ka tsaya kana laluben sararin sama shi kuwa ya yi gaba. Tsaya a kan zuƙowar madubin gaskiya, ka yanke hoton daga baya.

Kada ka dogara da latsawa ɗaya. A iPhone ka ja maɓallin ɗauka zuwa hagu ka riƙe, a Samsung ka ja shi ƙasa, wayar ta yi ta ɗauka a jere. Cikin hoto talatin kana iya samun biyu da fiffiken ya buɗe yadda kake so, sauran ka goge. Wata dabarar ita ce bidiyon 4K mai hoto 60 a daƙiƙa, ka ciro wanda ya yi maka. Kowane ɗaya ya haura megafiksel 8, ya ishe ka Instagram har da ragi.

Duk wannan rabin aikin ne. Tunda waya ba ta iya zuwa wurin tsuntsu, sai ka san inda tsuntsun zai zo wurinka. Balbela da yamma kan koma makwancinta a jere, kusan ta hanya ɗaya kullum. Kwana biyu kana kallo ka gane inda za ka tsaya. Shirwa tana kewaya mahauta da bakin kasuwar kifi ƙasa-ƙasa, tana shawagi a hankali, ita ce ta fi dacewa da mai koyo. Shamuwa da farkon damina tana jigilar kara da tsinke zuwa sheƙarta a cikin gari, zuwa da komowa ba adadi. Tsuntsu yakan fuskanci iska idan zai tashi ko zai sauka, don haka idan iska da rana duka suna bayanka, kai zai fuskanta kuma da haske a jikinsa. Idan sama ta yi fari fat, kamar lokacin hazon hunturu, ƙara haske kaɗan, in ba haka ba tsuntsun ya fito baƙi ƙirin. Farar balbela kuwa rage mata ake yi. Wanda ya samu halin zuwa dausayin Haɗeja da Nguru da rani, musamman Dagona a jihar Yobe inda tsuntsayen ruwa daga Turai ke sauka, zai tarar da garken da ko zuƙowa ba ya buƙata.

Na san wani zai ce ai akwai iyaka, kuma gaskiya ne. Tsattsewa da sauran ƙananan tsuntsaye masu zilliya sun fi ƙarfin kowace waya. Ƙwararru da madubin milimita 400 zuwa 600 suke aiki, da kyamarori masu gane idon tsuntsu su bi shi. Idan abin ya shiga ranka har haka, shawarata ka nemi tsohuwar kyamarar DSLR ta hannu da madubin 70-300, wanda a ƙananan Nikon yake aiki kamar 450. Kuɗinsu bai kai na babbar sabuwar waya ba. 'Yan madubai masu maƙalawa a bayan waya da ake tallata su sau 18 ko 20 kuwa, da hannu ake juya su a daidaita gani, kafin ka gama juyawa tsuntsun ya ɓace.

Abu ɗaya ne ba na yi wa uzuri: jifa ko tafi don tsuntsu ya tashi a samu hoto, da matsawa jikin sheƙa. Uwar da aka kora daga kan ƙwai da tsakar rana, ƙwan na iya lalacewa da zafi, ko hankaka ya riga ta dawowa. Haka tura jirgi marar matuƙi cikin garken da ya ratso Sahara yana neman hutu. Yawancin tsuntsaye suna ba da alama kafin su tashi da kansu: sukan miƙe wuya, su ɗan durƙusa, wasu ma su yi kashi. Ka kunna Live Photo a iPhone ko Motion photo a Samsung, waɗanda ke adana 'yan lokutan da suka gabaci latsawarka, ka ɗora gwiwar hannu a kan katanga, ka jira.